Ƙarnin Motar Yaya

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a sassauta mini kalma ko ɗaya.

Tun ina da ƙuruciyata nake sayar da abinci a ƙofar gidanmu a Gwange: kunun gyaɗa da masa da safe, burabusko da rana. Ko mai mura ya san ƙamshin kununa. Da ƙafafuna suka fara ciwo, masu saye kuma suka koma wuraren gine-gine a bayan gari, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sayar da gonarsa ta Dusuman don mu sami abin hawa, shi yana tuƙi ni ina zubawa.

Ni sabon keke mai ƙafa uku mai bodi nake so, wanda ba a taɓa ɗora masa komai ba. Mun je mun gani har sau biyu. Sai wan mijina ya ji labari. Dillalin motoci ne, bakinsa kamar an shafa masa mai.

"Keke?" ya ce wa ƙaninsa. "Da furfurarka za ka hau keke kamar mai tallan ruwa? Akwai bas ta hannu a wurina, kuloli goma za ta ɗauka, matarka ma ta miƙe ƙafa."

Na ce, "Yaya, me take ɗauka a da?"

"Mutane mana, baiwar Allah. Ke dai ki kula da tukunyarki."

Maigidana bai taɓa musa wa wansa ba tun suna yara. Aka kawo motar da sanyin safiya, an yi mata sabon fenti ciki da waje. Na shiga na shinshina, fenti kawai na ji.

Kwana huɗu muka yi lafiya. A na biyar rana ta buɗe irin ta garin nan, ƙarfe ya ɗau zafi, sai motar ta faɗi gaskiyar da mai ita ya ɓoye. Kifin banda take ɗaukowa daga Baga shekara da shekaru. Mansa ya shige kowace kafa ta ƙasanta, har ƙarƙashin kujeru. Wani birkila da ya daɗe yana cin abincina ya kurɓi kunu, ya dube ni.

"Iya, yau tarwaɗa kika dama mana?"

Suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Babu abin da ba mu gwada ba. Omo, toka, kanwa, ruwan zafi, lemun tsami. Na ɗauko turaren wutana mai kyau, wanda nake ajiya don biki, na cika kasko na rufe motar. Washegari masata ta fito da ƙarni da turare a haɗe, aka ce amaryar kifi na kawo. Masu saye suka janye da ɗai-ɗai. Har a ƙofar gida, inda motar ba ta taɓa abincin ba, sai mace ta shinshina kwano kafin ta karɓa.

Maigidana ya je wurin wansa sau ɗaya. Ya dawo ya ce, "Yaya ya ce hancinki ne ya yi yawa." Daga nan bai ƙara zancen ba, sai wanki. Tsoho da ciwon ƙirji, durƙushe cikin mota da buroshi kowace safiya, yana tari. Na ce ya bari, ya ce shi ya kawo ta. A haka ya kwanta, bai tashi ba.

Na riƙe rigarsa ɗaya don in riƙa jin ƙamshinsa. Ƙarnin kifi take yi. Wannan ne ba zan iya faɗa ba sai da kuka.

Bana Yaya zai tafi Makka, ya zo zagayen neman gafara. Ya zauna a tabarmata, ya ce, "Uwar yara, abin da ya wuce ya wuce. A yafi juna."

Motar tana nan a ƙofar gida, tayoyinta sun sace. Azahar ta kusa. Na zuba kunu a kwano na miƙa masa.

Na ce, "Yaya, shiga ciki ka ja ƙofa. Ka shanye wannan, na yafe maka duniya da lahira."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya shiga. Na tsaya ina kallonsa ta gilashi. Kurɓa biyu ya yi. Ya fito yana goge baki da hannun riga, idonsa ya yi ja.

"Ke muguwar mace ce," ya ce.

Na karɓi kwanona. Na ce Allah ya kai shi lafiya, ya dawo da shi lafiya, don ƙaninsa zai so in faɗi haka. Kalmar yafiya kuwa ban faɗa ba, kuma har yau ban faɗa ba.