Kunyar Ɗan Fari da Takardar Rabon Filaye

Shekarun baya, lokacin tsananin nan da damina ke zuwa a makare sannan ta juye mana ruwan wata guda a yini ɗaya, zaizayar ƙasa ta ci unguwarmu a ƙasar Minjibir. Kwarin da muke tsallakewa muna yara shi ya buɗe baki ya fara haɗiye gidaje. Hukuma ta ce za a tashe mu zuwa kan tudu, kowane magidanci fili ɗaya.

Ranar da ma'aikata suka zo ɗaukar sunaye muna gona, mahaifiyata ce kaɗai babba a gida. Ta jero musu sunayen ƙannena uku tiryan-tiryan. Ni kuwa ɗan fari ne, tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan". Ta ce musu, "Sai kuma wancan." Mai rubutu ya ce, "Wa?" Ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuma rana ta dame shi, ya sa ta dangwala yatsa, ya yi gaba.

Da aka liƙa takarda a ƙofar dagaci, sau uku ina bin ta da yatsa. Babu ni! Ga mata, ga 'ya'ya biyar, ga bangon ɗakina ya riga ya tsage. Wallahi raina ya ɓaci, na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai sunana ya shiga.

Na zura rigar Sallah, na hau keke sai sakatariya, ina tsara jawabi a hanya kamar wani lauya. Ko zama ba a ce in yi ba. Shugaban kwamitin rabon filaye ya ce, "Malam, ƙa'ida ce. An cusa mana sunayen matattu da na mazauna birni. Yanzu wanda ya dangwala, shi zai zo ya faɗi sunan da bakinsa. Alhamis muke rufewa." Na kai mai unguwa, aka ce a'a. Na kai liman, aka ce a'a. Na yi ta zarya har mai gadi ya fara tambayata ya jikin tayar kekena.

Ran Laraba na sami Inna tana tankaɗe, na durƙusa.

"Inna, sun ce sai kin je."

"In je in yi me?"

"Ki faɗi abin da ba ki faɗa ba."

"Kai, ka ga marar ta-ido! Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi, amma na ce mata gobe zan kawo mai babur. Da safe na fito na tarar ta riga ni shiryawa.

A ofis shugaba ya ce, "Inna, wa aka tsallake?" Ta nuna ni ba tare da ta kalle ni ba. Ya ce, "Sunansa fa?" Tausayinta ya kama ni, na ce, "Inna, a bar shi, na raɓa a filin ƙanena."

"Yi mini shiru," in ji ta. Ta juya fuskarta bango, ta faɗe shi da ƙarfi, har da na mahaifina, wanda shi ma ba ta taɓa ambata ba. Ni ƙato da furfura a gemu, sai ga hawaye shaa, mutane na kallo.

Har gobe ba na zagin ƙa'idar nan, ta tare 'yan cuwa-cuwa. Amma duk mai rubuta dokar tashin mutane, ya kamata ya fara sanin yadda ake zama a gidajensu. A filin nan nake zaune yau. Inna ba ta sake kiran sunana ba har Allah ya karɓi abarsa, ni kuma ban taɓa nema ba. Sau ɗayan nan ya ishe ni.