Gadon Inna Kin-Sayis

A shekarun da kuɗin arzikin fetur suka hau kan mutane, yayana ya dawo Roni daga Legas baki cike da Turanci. Mu dai mun san ƙato, mun san shirgege da narkeke da makeke, kowanne da inda yake zama. Shi kuwa duk ya watsar da su. Rediyonsa "jambo", agogonsa "jambo", har kankanar da ya saya a kasuwar Kazaure wai "jayan" ce. Kankana fa, jama'a!

Abin da ya wuce nan kuma "kin-sayis" ne, wai daidai da sarki. Haka ya kira gadon ƙarfen da ya sauke wa Innarmu daga bayan a-kori-kura, ana tsakiyar damina. Gadon a haɗe yake da walda, ba ya kwancewa. Aka kwantar da dangar kara aka shigo da shi tsakar gida. Aka juya shi ta kai, aka juya ta gefe, ƙofar ɗaki ta ce ba ta san zance ba.

Ɗakin nan na ƙasa ne. Marigayi Babanmu ya gina shi da hannunsa, a cikinsa kuma ya cika, Inna ba ta haɗa shi da komai. Amma yayana ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi musu da shi gaban mutane. Sai ta ja ni gefe.

"Ce wa wancan kada ya taɓa bangon."

Na je na ce, "Yaya, Inna ta ce a bar bangon. Wa ya taɓa fasa ginin ƙasa da damina?"

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ku matsalarku ƙaramin tunani. In ba ta so, ai da bakinta."

Ya san sarai ba za ta tanka ba. Wannan ne har yau yake ci mini rai.

Aka kawo diga aka faɗaɗa ƙofa, har azarar da ke bisanta aka zare. Gado ya shiga ya cinye ɗakin, sai da aka fito da tasoshinta waje. Gogan naka ya gama baza haƙora, washegari ya kama hanyar Legas.

Kwana huɗu tsakani aka tafka ruwa da la'asar. Allah ya taimaka Inna tana madafa. Bango ya zauna, rufi ya biyo shi. Gadon kuwa, tubarkalla, ko lanƙwasa bai yi ba.

Na ɗauke ta zuwa gidan aurena a Kazaure. Da labari ya kai wa yayana, ya aiko wasiƙa wai zai gina mata "jayan" ɗin gida na siminti. Na karanta mata. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Rubuta masa an gode. Ki tambaye shi ko Legas ɗin ana sayar da inda ubansa ya yi sallar ƙarshe."

Na ɗauki biro, sai ta riƙe mini hannu. "A'a, bar wannan. An gode ɗin ya isa."

Ni kuwa ai shi ba ɗan farina ba ne. Duka biyun na rubuta.