Farar Rigarki Tana Nan a Shagona, Sista

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Sista, babbar ma'aikaciyar jinya a ɗakin awon ciki na asibitin unguwarmu, bayan jinyar mako uku. Ina kan keken ɗinki labarin ya iske ni. Na sauke ƙafata daga kan keken, har la'asar ban iya mayar da ita ba.

Sista, ni tela ne, rubutu ba sana'ata ba ce, ga gajiya ta yi mini yawa kwanakin nan. Amma in ban rubuta wannan ba, babu mai rubutawa, domin ke kin tafi da shi a cikinki.

Shekara goma sha biyu ina ɗinka miki fararen rigunan aiki, kuma ban taɓa burge ki a kan aljihu ba. Kullum sai kin ce, "Tela, aljihu na ce ka yi mini, ba gidan allura ba." A ciki kike zuba agogo da almakashi da biro da alewar yaran da suka biyo iyayensu awo. Iyakar sanina da ke ke nan, kafin Allah ya kawo ni hannunki.

Sau biyu matata tana haihuwa, sau biyu muna ɗauko jariri babu rai. Mahaifiyata, Inna, ta yanke hukunci cewa farar ƙafa na auro. A tsakar gida take faɗa, a gaban baƙi, matata tana shara tana ji. Ni kuwa ban taɓa cewa uffan ba.

A ciki na uku kika ɗebi jininta, aka ga tunjere, ciwon da ake ɗauka ta wajen kwanciya. Kika yi mata allurar farko da safe. Ta dawo gida ba ta gaya mini komai ba, sai dai ta ce an yi mata allura. Kafin azahar zazzaɓi ya rufe ta, haƙoranta na haɗuwa, kai na sarawa, ciki kuma yana ɗaurewa yana saki alhali watansa shida kawai. Inna ta ce shi ke nan, wannan ma sun kashe shi da allura, ta rantse ba mai sake taka asibitin nan. Na ɗauko matata na kawo ta, ina zuba miki rashin kunya tun daga bakin ƙofa. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ko kallona ba ki yi ba. Kika kwantar da ita ta gefen hagu, kika ba ta maganin zazzaɓi da ruwa kofi bayan kofi, kika kira likita ya duba. Sannan kika ja kujera, hannu ɗaya a kan cikin, agogo a ɗayan, kina ƙirga ɗaurewar da motsin ɗan. Lokacin tashinki ya yi ya wuce, abokan aikinki suka yi sallama, kina nan zaune har zufa ta karyo mata, cikin ya lafa.

Sai a lokacin kika kira ni ɗakin ajiyar magani, kika tura ƙofa. Kika ce, "Ba allura ce ta ɓaci ba. Tunjere ne a jikin matarka, ƙwayoyin cutar ne ke mutuwa, jiki yake jin abin, kuma zai wuce cikin kwana guda. Saura allura biyu, mako-mako. In ta tsallake ɗaya sai mu koma farko, ɗan cikin nan kuma ba zai jira mu ba. Yanzu miƙo hannunka, kai ma sai na ɗebi jininka."

Tun kafin sakamako ya fito na san abin da zai nuna. Na tuna wani ƙurji da ya fito mini kafin aure, ba zafi, ya warke da kansa, na ce Allah ya rufa asiri. Ashe kwanciya ya yi.

Ni ma na sha nawa alluran uku, masu kauri kamar fenti. Kujerar keke ta gagare ni zama, masu kaya suna ta zarya ina cewa baya ne ke damuna. A mako na biyu matata ta tsorata, Inna kuma ta kasa ta tsare. Sai ga ki a shagona da rigar da babu abin da ya same ta, wai maɓalli ya yi sako-sako. Kika zauna a kan benci, ba ki tashi ba sai da na je na fito da matata muka bi ki.

Matata ta haifi 'ya mace da ranta, kuka gwada ta, kuka bi ta da kulawa har hankali ya kwanta. Bana shekararta shida, surutunta har ciwon kai yake sa ni.

Ranar da aka sallame su, abu ɗaya kika roƙe ni. Kika ce, "Je ka wanke matarka a wajen Inna. Ni bakina ba zai faɗa ba, aikinka ne." Na ce to. Sau biyu kika sake tambaya, sau biyu na ce ina neman lokaci. Daga nan kika daina. Sai dai ki kawo riga, ki tambayi yarinya, ki tafi. Wallahi shirun nan naki ya fi faɗa gajiyar da ni. Shekara shida Inna tana cewa addu'arta ce ta karya farar ƙafar, matata tana ji, ni ina ji.

Ranar Alhamis, kwana biyu da rasuwarki, na durƙusa gaban Inna na faɗa mata duka: cewa ni na kawo ciwon, ni ne sanadin mutuwar jikokinta biyu, matata ba ta da laifin komai. Matata tana tsakar gida tana shara. Inna ta dafa bango ta miƙe, ta je ta zare tsintsiyar daga hannunta, ta ce, "Zauna, 'yar nan. Kin daɗe a tsaye."

Na yi aikin, Sista, sai dai na makara, ba ki gani ba. Rigar da kika kawo kafin ki kwanta tana nan rataye a shagona. Na faɗaɗa aljihun yadda kike so.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da abokan aikinki, Allah ya ba su haƙuri da dangana. Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Yadda kika rufa mana asiri a duniya, Allah ya rufa miki naki ranar da babu mai rufawa sai Shi. Amin.