Tunkun da Fura Ta Kusa Kashewa

A ƙauyenmu da ke gefen Baure, da ɗari ya shigo, ɗakin kakarmu Iya Tabawa ne matattarar yaran gida. Ana idar da sallar isha'i za ta hura wutar kara a wani tsohon kasko, ta turbuɗa mana gyaɗa a toka, mu kuwa mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Ni take kira "maigida", irin wasan kaka da jika, kuma ni take fara tsokana, wai mijin banza ne ni, ko daddawa ban taɓa kawo mata ba. Maganar nan tana ba ni haushi, amma ko da sanda ba a fitar da ni daga ɗakin.

Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya yi tsit. "Ga wata nan na kamo muku," in ji ta. Mu ce, "Sako ta mu gani, Iya."

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta wata mai fura da duk gari ya san hannunta. Ran nan ta je itace, ta tsinci ɗan tunku a gindin suri, karnukan farauta sun kashe uwarsa. Ta ƙunso shi a bakin zaninta ta kawo gida. A wajenta maraya maraya ne, ba a raba masa kwano, abin da 'yan gida suka ci shi zai ci. Da safe koko, da rana fura da nono har da zuma, da dare tuwon gero da man shanu. Yana lasa saboda yunwa, amma kullum sai ramewa, gashinsa na zuba, idanunsa sun faɗa.

"To, da ta ga haka me ta yi?" Iya takan tambaye mu, sannan ta ba kanta amsa tana girgiza kai. "Sai baiwar Allah ta ƙara zuma."

Maƙwabta suka ce ta jefar da wannan abu mai wari ta huta. Ta ce ba ta ɗauko shi don ta binne shi ba. Washegari ta koma wurin surin, ta laɓe a bayan sabara, tun hantsi har la'asar tana kallon 'yan'uwansa. Ta ga suna cin fara da gyare, suna cafke ƙadangare da ɓera, suna fasa ƙwan tsuntsu. Ga gonar gero nan kusa, ko kallonta ba su yi ba. Ta dawo gida ta ajiye ludayi, ta shiga kamun fara da ɗana wa ɓeraye tarko. Gari ya ɗauka, wai mai fura ta koma farauta, wasu ma suka daina shan furarta don ƙyama. Ta toshe kunne. Kafin wata ya mutu tunku ya miƙe, ya yi sheƙi, ya dube ta ya ce, "Inna, furarki ba ta da laifi, cikina ne ba na fura ba."

Nan Iya ke cewa, "Na ajiye ta, mai jin barci ya nemi uwarsa." Ni kuwa ba na yarda. Ina ladan matar? Ba zinariya, ba garken shanu? Sai ta dungure mini kai. "Ya rayu, maigida. Me kuma kake nema?"

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ni ma na koma cikin Daura da iyalina. Bara na dawo daga wata tafiya na tarar da 'yata Hafsatu a tsugune gaban kwando tana sharar hawaye. Ashe kawunta ne ya kawo mata ɗan tunku da ya tsinta a gonarsa ta Mashi. Abin yana kwance, zawo ya ci ƙarfinsa, ko kai ba ya ɗagawa. A gefensa ga murfin kwano da shayi da burodi, ga guntun biskit. Yarinyar nan abin karyawarta take rabawa biyu ta ba shi.

Mahaifiyarta ta ce a mayar da shi daji. Ba ta yi ƙarya ba, can ne gidansa, amma a wannan hali ko shaho ba zai sha wahalar ɗaukarsa ba. Na ce sai ya tsaya da ƙafarsa tukuna. Na nemi wani likitan dabbobi, ya ce nama da ƙwai da ƙwari da ruwa mai tsabta, kada a sake ba shi zaƙi ko madara. Na wuce wurin mahauci na ce ya yanko mini hanta da tsoka marar kitse.

"Malam, baƙi aka yi ne?"

"Na tunku ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira na kusa da shi ya ba shi labari. Ban ji kunya ba, washegari ma na koma.

Na ce wa Hafsatu da hannunta za ta ba shi. Ta yamutsa fuska, wai ƙarni. Na ce ai ba ita za ta ci ba. Ta toshe hanci da gefen hijabi, ta miƙa masa ɗan yanki. Ya shinshina ya kau da kai. Ta sake, ya ƙi. Sai da yamma ya buɗe baki ya karɓa. Daga ranar, in ta taso daga makaranta, sai ta ɗauki gwangwani ta bi bayan gida neman fara.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta tunku ce. Yanzu na gane ta matar ce, wadda ta yarda cewa abin da ta fi iyawa a duniya shi ne ke kashe wanda take ƙauna, kuma ta ajiye shi. Abu ne mai ciwo, na ga ciwon a fuskar 'yata ranar da tunkun ya fara zagaya tsakar gida.

"Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "da nake ba shi biskit ɗina, ba sonsa nake yi ba ke nan?"

Na ce, "Sonsa kike yi, Hafsatu. Son ne ya kusa kashe shi, kuma shi ne yau ya sa kike riƙe ɗanyar hanta da hannunki."