Shekarar da Alwalar Baba Ta Ƙi Tsayawa

Mahaifina ne limamin ƙauyenmu, wani ɗan gari kusa da Gangara. Tun tasowata na san shi da alwalar Azahar yake kai wa La'asar, yana zaune bisa buzu yana biya wa dattawa karatu. Shi ya sa ranar da ya yanke salla a tsakiya, ya jawo na'ibinsa gaba, ya ratsa sahu riƙe da hanci, kowa ya ɗauka haɓo ne. Ni da ke bakin ƙofa na ga ƙafar wandonsa a jiƙe.

Bazara ce, don haka da fari zafi muka zarga. Amma wannan ƙishirwa ba irin ta bazara ba ce. Sai ya kafa kai a kwanon sha ya shanye, kafin Inna ta mayar da murfin randa ya ce a ƙara. Ruwan kuma ba ya zama. Yana sha yana ɗaukar buta. Ci yake yi kamar mai huce haushi, ga tuwo ga fura da sukari, amma riga sai ƙara yi masa yawa take.

Kowa ya zo dubiya da nasa sani. Wani ya ce sanyin mara ne, wani ya ce tsufa ne ke sakin mafitsara. Gwaggona ta rantse hannu aka sa masa saboda limanci. Wani abokin karatunsa ya aiko da zuma daga ƙetaren iyaka, aka riƙa dama masa safe da yamma. Mun ga kamar yana samun ƙarfi in ya sha, sai dai ba a jimawa harshensa ya bushe kamar ƙirgi.

Wata safiya Inna ta ja ni bayan ɗaki, ta nuna mini inda yake tsugunawa. Wurin ya yi baƙi da ƙananan tururuwa.

Ta ce, “Kai da ka yi boko, mi tururuwa ka nema ga fitsari?”

Ban sani ba.

Baba ya daina zuwa masallaci. Wannan ya fi ciwon cin ransa. In ladan ya kira salla sai ya juya fuska ga bango. Na same shi ya yi alwala ya kabbarta, bai kai ruku'u ba ya sallame, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, “Ni da ka karantar da mutane hukuncin mai yoyon fitsari, yau ga shi bisa kaina. Na san Allah ya yi rangwame. Zuciyata ce ta ƙi.”

Na ce, “Baba, za ni kai ka asibiti Sabon Birni.”

Ya ce, “Ta wace hanya?”

Tambayar tana da wuri. A shekarun nan 'yan bindiga sun riƙe dajin da ke tsakaninmu da gari. Mai babur in ya kama hanya ba ya tsayawa ko hularsa ta faɗi. Muka yi ta ɗagawa, yau an tare hanya, gobe an ji harbi, har ranar da Baba ya kira ni da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Idanunsa sun faɗa, yana numfashi da ƙyar. Inna ta kwance rawaninsa, ta ɗora shi bayana a kan babur, ta ɗaure mu tare. Ta rataya mini galan na ruwa.

Ba mu yi nisa ba ya dafa kafaɗata. “Tsaya.”

Na ce, “Baba, nan ba wurin tsayawa ba ne.”

“Tsaya, ɗana. Kada in ɓata ka.”

Na tsaya gindin wata aduwa, na kwance shi, na riƙe shi ya tsuguna, idona na kan daji. Ko motsin ganye na ji sai in waiwaya. Ya gama ya ce ruwa. Na ba shi, na sake ɗaurewa. Da muka shiga inda gonaki suka zama kufai, inda aka kwashe mutanen wata mota a makon, ya sake dafa ni. Wannan karon ban tsaya ba. Na ƙara wuta ina kuka ina cewa, “Yi a nan, Baba, don Allah yi a nan.” Na ji ɗumi ya bi bayana. Ya kifa goshinsa a wuyana har muka shiga gari.

A asibiti wata ma'aikaciya ta soki yatsarsa, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Ta dubi abin, ta ƙwala wa likita kira. Aka sa masa ƙarin ruwa da allura. Da jikin Baba ya lafa, likitan ya zaunar da ni ya ce ciwon suga ne. Sukari ya taru a jini, jiki na fitar da shi ta fitsari, yana jan ruwan jiki yana tafiya da shi, shi ya sa ƙishirwa ba ta yankewa. Ya tambayi abin da muke ba shi. Da na ambaci zuma sai ya runtse ido.

Baba ya farfaɗo, amma ganinsa ya ragu, limanci kuma ya bar wa na'ibi. Na kama mana ɗaki a Sabon Birni don kusa da magani, Inna ta biyo mu da tukwanenta. Fura yanzu ba sukari, tuwo ɗan kaɗan, kullum sai sun yi faɗa a kan haka. Wani lokaci hanyar Sakkwato ta rufe, maganin ya yanke a gari, in bi shaguna ɗaya bayan ɗaya in dawo hannu wofi. A irin waɗannan ranaku ba na iya zama a ofishin da na samu aiki. Ina komowa gida sai in fara leƙa randa in ga inda ruwa ya tsaya.