Hiske Ta Buɗe Taga

Kai Douwe, kashe taraktar nan ka zo ka ji! Hiske tamu fa, wadda kuke ce wa matar shanu!

Hiske dai ƙanwata ce. Ni daga firamare na ajiye jaka, ita kuwa kanta na ja. Sai dai a gida yarenmu na Firisanci muke yi, Holanci kuwa, yaren ƙasa, sai a makaranta. Tana ƙarama malam ya tambaye ta abin da ta gani a hanya, ta jera maganar irin ta gidanmu, aji ya kwashe da dariya. Daga ranar ta kame bakinta. Da mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, ita ta riƙe jinya da tatsa, har furfura ta fito mata.

Bayan rasuwar tsohuwa ta hau kekenta, ruwa ko iska, ta koma karatu a birnin Leeuwarden, wai tana son koya wa baƙin haure Holanci. Na ce, "Ke da ko saniya sai ta matso take jin muryarki?" Ta ce, "Yaya Wiebe, je ka kwashe kashin shanunka."

Da ta gama, makarantar baƙin ta ce sai ta yi darasin gwaji, in bai yi ba a ɗauki wata. Suka ba ta abin da ya kunyata ta tana yarinya, wato yadda ake cewa na ji shi yana kaza, na gan ta tana kaza. Ta shiga aji, ga shugabar makaranta a baya da biro. Ta rasa abin yi, ta je ta buɗe taga. Ta ce kowa ya saurara, in ta rufe ya faɗi abin da ya ji ko ya gani. Wani ya ji kare yana haushi. Wata ta ga mai burodi yana sauke kaya. Sai wata tsohuwa 'yar Siriya, Ummu Nizar, ta ce a hankali, kalma bayan kalma, "Na ji ɗana yana waƙa." Ba ta tagar nan ba, can garinsu Halab, kafin yaƙi ya ci ɗan nata. Aka fara share hawaye a aji. Hiske ta bar allo ta zauna kusa da ita har lokaci ya cika.

Ta dawo gida ta zura takalman roba. "Na ɓata, Yaya. Rabin darasin ban yi ba, na sa mutane kuka."

Ɗazu muna cikin tatsa wayarta ta yi ƙara. Hannunta duk madara, ta ce in danna mata. Muryar shugabar ta cika garke.

"Malama Hiske? Ɗaliban nan sun tsare ni a ƙofa, sun ce ba su yarda da kowa ba sai mai buɗe taga. Za ki iya farawa ranar Litinin?"

Hiske ta ce, "Sai na gama tatsar safe."

Na ce, "Ke, amsa mata! Ni zan tatsa!"