Bindigar da Alhassan ya auna da sandar mopa

Ina durƙushe a kan wani kwali a bayan kasuwar Murshid Bazaar a Dubai, salatif a hannu, ina sauri in rufe kayan wata Hajiya kafin motar cargo ta iso, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Ghana ce. Na ɗauka abokina Alhassan ne, don haka tun kafin a yi magana na ce, "Ɗan Kumasi, hutun bai ishe ka ba?" Muryar ƙanensa na ji. Ya ce Alhassan ya rasu da safe, bayan zazzaɓin kwana uku. Na yi salati, na ƙarasa naɗe kwalin, na rubuta sunan Hajiya a jikinsa, sannan na zauna a dakalin shagon. A wannan watan ake cika shekara huɗu.

Ni ba marubuci ba ne. Aikina ɗaurin kaya, kafin nan kuma turin baro na yi a kasuwa a Kano. Na daɗe ina jinkirta rubutun nan saboda dalili ɗaya: labarin Alhassan ba ya yiwuwa sai an ambaci bindiga, kuma na san abin da kalmar ta zama a kunnen mutanenmu a shekarun nan. Ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri. Bindigar da zan yi magana a kanta ba ta taɓa fita daga ginin da aka haɗa ta ba. Ta wasa ce, ta wani kulob ɗin harbi da ke bayan gari a nan Dubai, tana kwana a kulle da lambarta a rajista, kuma ba ta taɓa nuna wani abu ba sai farantin ƙarfe da takarda.

Mun haɗu da Alhassan a wani flat a Al Karama, shekarar da jirgin metro ya fara aiki. Mu shida ne a ɗaki, gadonsa a ƙasa, nawa a sama. Ɗan zangon Kumasi ne, ya girme ni da shekara bakwai, ina ce masa Yaya idan ina son wani abu, Ɗan Kumasi idan ina neman tsokana. Shi kuwa bai taɓa kirana da sunana ba sai Bakano. Aikinsa a kulob ɗin shara ne. Yana kwashe kwanson harsashi bayan masu harbi sun tashi, yana goge ƙasa, yana wanke banɗaki. Shekara biyar yana haka. Amma mahaifinsa mai gyaran keken ɗinki ne, a cikin noti da magagari ya tashi, kuma duk lokacin da zai goge ɗakin gyaran bindigogi sai ya ɓata lokaci. Shugaban ɗakin, wani dattijo ɗan Filifin da ake ce wa Mista Rey, ya lura ƙasan ɗakinsa ta fi ko'ina sheƙi, ya kuma gane dalili. A hankali ya fara barinsa ya miƙo masa kayan aiki.

Sai aka gaya wa masu shara cewa kwantiraginsu zai ƙare bayan wata uku kuma ba za a sabunta ba. Ga Alhassan hanya biyu ce kawai: ko a mayar da shi ɗakin gyara, ko ya koma gida hannu wofi, ga mata da 'ya'ya uku.

A cikin 'yan kulob ɗin akwai wani dattijo ɗan ƙasa, Abu Rashid, wanda ya yi suna a gasa kafin haɗarin mota ya raunana masa hannun hagu. Irin gasar da suke yi, na'ura ce za ta yi ƙara, mutum ya riƙa wucewa daga wannan shinge zuwa wancan yana harbin faranti, ana duba saurinsa da daidaitonsa. Fistol ta gagare shi. Ya koma wata gajeriyar bindigar kafaɗa mai cin harsashin fistol, wadda suke kira karbin, amma hannun hagu ne ke tallafe gabanta, kuma kafin ya kai shinge na uku hannun ya fara rawa. Ya faɗa a ɗakin gyara cewa gasar ƙarshen shekara ita ce ta ban kwana. Alhassan yana tsaye da mopa a hannu, ya ce in an ba shi dama zai haɗa masa wadda hannun zai iya ɗauka.

Mista Rey ya amince da sharaɗi. Cikin bindigar, inda harsashi ke bi, ba ruwan Alhassan da shi. Nasa shi ne gangar jiki: mariƙin gaba, madogarar kafaɗa, notuna, wurin zaman madubin saiti. Duk kayan daga ma'ajiyar kulob za su fito, kuma a gaban idon Mista Rey za a yi aikin. In bindigar ta yi, zai kai sunansa gaban manaja. In ba ta yi ba, kada ya sake ɗaga maganar.

A nan ne na shigo, kuma a nan ne na kusa jawo masa asara. Mu 'yan cargo an horar da mu cewa nauyi abokin gaba ne. Mukan cire takalmi daga kwalinsa, mu zare kwali daga wuyan riga, mu yar da duk abin da sikeli zai gani. Da ya tambaye ni shawara, abin da na sani na gaya masa. Na ce, "Yaya, duk abin da zai ciru, cire shi." Har sikelina na rataya na ara masa. Ya yi sati uku yana ragewa. Ya zaɓi mafi sauƙi a cikin kowane irin kaya, ya goge abin da aka yarda ya goge, ya mayar da madogarar kafaɗa kamar ƙashin kifi. Kullum sai ya dawo da sabon awo a rubuce a bayan hannunsa, mu yi ta murna kamar mun ci wani abu.

Ranar gwaji ya dawo ɗaki. Ya zauna a bakin gado da takalminsa a ƙafa. Daga baya ya gaya mini cewa Abu Rashid ya ɗauke ta ya yi murmushi, amma da ya fara harbi sai ta riƙa tsalle a kafaɗarsa kamar ɗan akuya. Bakinta ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, hannun kuma bai daina rawa ba. Mista Rey ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Abu Rashid ne ya roƙa a ƙara masa sati biyu.

Tun da ba a fita da ko noti daga kulob, sai ya shigo gida da tsohuwar sandar mopa. Ya yanke ta daidai tsawon bindigar, ya riƙa ɗaura mata batura da ƙullin sukari da salatif ɗina, kowane ƙulli a madadin wani sashe. Bayan sallar asuba zai tsaya a lungun kicin da sanda a kafaɗa yana nuna tukunyar shayi. 'Yan ɗaki suka samu abin yi.

"Janar, a yi mana afuwa, mun miƙa wuya!"

"Chale, abokaina, ku yi dariyarku," in ji shi. "Sukarin shayinku ne a jiki."

Wata Juma'a da hantsi ya miƙo mini sandar ya ce in riƙe masa zai gyara wani ƙulli. Ina ɗora ta a kafaɗa hannuna ya gaya mini abin da kaina bai tuna ba. Ba ta da nauyi, amma ɗan nauyin da ke gare ta duk yana can gaba, a kan hannu. Na tuna wani tsoho da ya koya mini turin baro. Ranar da na fara, na jera buhuna kusa da mariƙi, kafin in kai bakin titi hannuwana sun mutu. Ya sauke kayan, ya mayar da su kan taya, ya ƙara buhu ɗaya a kai, ya ce in tura. Na tura da yatsu.

Na ce, "Yaya, kayanka bai zauna ba. A baro, kan taya ake ɗora nauyi."

"To ina tayar a nan, Bakano?"

Na buga kafaɗata. Ya karɓi sandar. Sannan ya ɓalle batura biyu daga gaba, ya ɗaura su a gindin sandar, ya ɗebo wasu biyu daga tocilan ɗin wani ya ƙara. Ya ɗora a kafaɗa, ya saki hannun hagu gaba ɗaya, sandar ta tsaya.

"Sati uku ka sa ni ina cirewa," ya ce, "yanzu kuma ka ce in mayar. Wallahi Kanawa sai Allah."

Abin da ya yi ke nan a kulob. Ya bar gaba da sauƙinsa, ya mayar da nauyi baya, har ya ɗara abin da ya cire daga can. Ya matso da madubin saiti kusa da ido, ya gajarta mariƙin gaba yadda dattijon ba sai ya miƙe hannu ba. Bindigar ta fi ta farkon gwaji nauyi a sikeli. A hannu kuwa, Mista Rey ya ɗora ta a kan yatsu biyu, ta tsaya daidai ba ta karkata ba, sannan ya ce a kira Abu Rashid.

Ranar gasar Alhassan ya samo mini izinin shiga a matsayin baƙo. Shi ne karona na farko kuma na ƙarshe a wurin. Aka ba ni abin toshe kunne da tabarau, aka nuna mini layin da ba a tsallakewa. Alhassan yana cikin kayan shararsa, tsintsiya a hannu, domin har ranar aikinsa ke nan. Ban san dokokin wasan ba, don haka hannun hagun Abu Rashid kawai nake kallo. Shinge na farko, na biyu, na uku. Faranti na ta ƙara ɗaya bayan ɗaya kamar ana buga ƙararrawar makaranta. A shinge na ƙarshe hannun yana nan daram. Da ya gama, alƙalin wasa ya duba bindigar ya tabbatar babu harsashi, dattijon ya juyo yana neman wani da ido.

Shi ya zo na ɗaya a rukunin dattawa, ya kuma wuce samari da yawa da ba su kai rabin shekarunsa ba. Da aka kira shi karɓar kofi bai tafi shi kaɗai ba. Ya ratsa mutane, ya karɓe tsintsiyar daga hannun Alhassan, ya jingine ta a bango, ya jawo shi gaban kowa.

"Yalla, habibi, zo abokina, riƙe," ya ce. "Ni kunama kawai na taɓa."

Na ga manyan mutane masu manyan motoci suna tafa wa mai wanke musu banɗaki. Alhassan ya riƙe kofin da hannu biyu, ya rasa inda zai kalla, sai ya kalle ni. A cikin bas muna dawowa Karama ya kira matarsa, abin da ya iya ce mata shi ne, "Ba zan dawo ba tukuna." Sati bai cika ba aka ba shi benci a ɗakin gyara, da rigar aiki mai sunansa a ƙirji. Ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni a kan bencin nan kafin ya tafi hutun da bai dawo ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. An gaya mini yanzu irin wannan bindigar ta gasa a haɗe take zuwa daga masana'anta, mara nauyi, mai kyan gani, samari na rububinta. Na san ba zai yi hassada ba. Zai ɗora ta a yatsu biyu, ya tambayi wa zai riƙe ta, wane hannu ne mai ciwo, sannan ya yanke hukunci. Labaran 'yan bindiga a gida kuwa da muke ji a waya, na san za su dame shi fiye da kowa a ɗakinmu. Mutum ne da ba ya miƙa wa wani ko almakashi da tsini a gaba.

Mista Rey ya yi ritaya ya koma ƙasarsu. Abu Rashid ya ƙara gasa biyu sannan ya ajiye don kansa, ba don hannu ba. Duk Ramadan yana kirana ya tambayi yaran Alhassan. Shi ya gaya mini bindigar tana nan a ma'ajiya, kuma ita ake fara ba duk wanda ya zo da raunin hannu, ko mace mai ƙaramin jiki, ko tsoho. A rajista lamba ce da ita. Ma'aikatan wurin, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, ta Alhassan suke ce mata. Babban ɗansa yana koyon aikin injin a Kumasi, kuma an ce hannun ubansa ne da shi.

Wannan shi ne abin da ya bari, kuma a wurina ba kaɗan ba ne. Allah ya jiƙan Alhassan, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Takardar shaidar mai gyaran bindiga da Alhassan yake nema tana da jarrabawa biyu. Ya yi ta hannu kafin ya tafi hutu, ya ci. Ta rubutu an sa masa ita sati biyu bayan ranar da ya kamata ya dawo. Bai zauna ta ba.